Ranar da Ilu Ya Karanta Ƙasa

Ustaz Haladu ya danna wa ajinmu kwaɗo,
ya jefa makulli a aljihun jallabiya,
ya ce yau alli zai huta.
Mu talatin da biyu, 'yan aji biyar na Mai Wurno,
aka loda mu a bayan lorin auduga,
kowa da kisrarsa ƙulle a tsumma,
muka nufi dajin Dindir ladan bai gama kiran asuba ba.

Ni zaki na je gani.
Har na yi wa ƙannena alkawarin gurnaninsa.
Littafi sabo, fensir biyu,
shekara uku ni ke zuwa na ɗaya,
ina tafe ina ji da kaina kamar zakara a kan danga.

Daji bai san da na ɗaya ba.
Ciyawa ta shanye tsayinmu,
ƙaya ta kama wandona ba sallama,
na duba gabas, goriba, na duba yamma, goriba,
shafina fari fat har rana ta take tsaka.

Sai Ilu ya tsuguna.
Ilu ɗan masunci, mai bencin baya,
wanda ba da ta ke yi masa wasan ɓuya a allo,
wanda in an ce ya karanta
sai mu fara dariya tun bai buɗe baki ba.
Ya ɗora yatsa a bakin laka, ya ce:
Gadu ta wuce nan da 'ya'ya uku,
ƙaramin yana ɗingishi, ƙafar hagu ta baya.
Na ce, ƙarya, wa ya faɗa maka?
Ya ɗago ya dube ni da mamaki.
Ya ce, ai ga shi a rubuce.

Mai gadin dajin, da bindigarsa a kafaɗa,
ya sunkuya ya duba, ya gyaɗa kai bai ce komai ba.
Ustaz ya miƙa wa Ilu sandarsa ta nuni,
ya koma bayan layi, kusa da Barira mai tsoron tururuwa.

Muka bi Ilu har fadamar da suke kira maya.
Ya ce mu zauna, mu haɗiye harshe.
Shiru ya yi nauyi, ya yi tsawo,
sannan ruwan ya fara ba da labari:
zalɓe a ƙafa ɗaya kamar mai jiran bashi,
gauraka biyu da tukkunsu na zinariya,
guza ta ja jiki ta bar layi a taɓo,
ɓauna can nesa, carki na yi mata tsifa a doro.
A gefen takalmina buzuzu na mirgina kayansa da baya,
ya faɗi, ya tashi, ya sake turawa.
Na daɗe ina kallonsa har na manta da zaki.

Gab da la'asar ciyawa ta motsa.
Gadu, wutsiya a tsaye,
ɗaya a bayanta, biyu,
can sai na ukun, yana ɗan jan ƙafa.
Ba wanda ya yi dariya.

Da muka dawo na cika shafi uku, na ci goma.
Ilu ya zana sawu huɗu, ya rubuta sunansa a karkace.
Nasa Ustaz ya manna a bango, saman allo.
Abin ya ci ni kwana biyu.
Ran na uku na ɗauki littafina na koma bencin baya,
muka yi ciniki:
ni in nuna masa inda ɗigon ba yake zama,
shi ya kai ni bakin Nilu da yamma.

Har yau in ruwa ya ɗauke
nakan tsaya a ƙofar gida, kai a sunkuye,
ina haɗa baƙi a hankali, kamar ɗan aji ɗaya.